Yaushe ɗan da ke ciki yake zama mutum? Abin da nake gani a Texas da abin da na baro a gida

A Amurka babu maganar da take raba 'yan uwa kamar maganar zubar da ciki. Ita ake tambayar ɗan takara, da ita ake auna alƙalin kotun ƙoli kafin a ba shi kujera. Idan ka fita daga Houston, inda nake zaune, za ka gan ta a kan manyan allunan gefen titi: hoton jariri yana murmushi, a ƙasa an rubuta cewa zuciyarsa ta fara bugawa tun uwarsa ba ta san tana ɗauke da shi ba. A gida kuwa mace sai ta yi wata biyar da ciki ko surukarta ba ta ji daga bakinta ba, sai dai tsohuwar ta lura da kwaɗayi da yawan barci, ta ja bakinta ta yi shiru. Abin da na tsaya a kai bayan zama a wuraren biyu shi ne, amsar da ke cikin fiƙihunmu ta fi ta ɓangarorin Amurka biyun hankali da tausayi, amma matanmu ba sa cin moriyarta.

Tun 1973, da hukuncin shari'ar Roe da Wade, kotun ƙolin Amurka ta ce mace tana da 'yancin zubar da ciki har zuwa lokacin da ɗan tayi zai iya rayuwa a wajen mahaifa, wato wajen mako 24. A ranar 24 ga Yuni 2022, a shari'ar Dobbs, kotun ta rushe wancan hukunci ta mayar da maganar hannun jihohi. Texas ba ta ma jira ba. Tun 2021 ta kafa dokar da ta hana zubar da ciki da zarar na'ura ta ji bugun zuciya, wajen mako 6. Su likitoci daga ranar farkon al'adar ƙarshe suke fara ƙirga, don haka mako 6 yana nufin mace ta yi ɓatan wata da kamar mako biyu kacal, ɗan tayin kuma bai fi ƙwayar dawa girma ba sosai. Dokar ta ba kowane mutum damar kai ƙarar wanda ya taimaka, ya karɓi aƙalla dala 10,000. Bayan Dobbs aka haramta kusan gaba ɗaya, likitan da ya karya doka yana iya fuskantar ɗaurin rai da rai. A gefe guda kuma akwai jihohi irin su Colorado da Oregon waɗanda dokarsu ba ta sa iyakar watanni ba ko kaɗan. Ƙasa ɗaya, tafiyar 'yan awoyi a jirgi, abin da yake babban laifi a nan haƙƙi ne a can.

Tushen rigimar tambaya ɗaya ce, kuma kowane ɓangare yana son a ja layi ɗaya tak. Waɗannan sun ce daga lokacin da maniyyi ya haɗu da ƙwan mace an samu cikakken mutum, daidai da ni da ke. Waɗancan sun ce jikin mace nata ne, hukuma ba ta da ta cewa. A Fabrairun 2024 kotun ƙolin jihar Alabama ta bi magana ta farko har ƙarshenta, ta ce ƙwayayen haihuwa da aka haɗa a ɗakin gwaji aka daskarar, waɗanda ko shiga mahaifa ba su yi ba, 'ya'ya ne a idon doka. Nan take wasu asibitocin dashen ciki suka dakatar da aiki, ma'auratan da suka shekara da shekaru suna neman haihuwa suka rasa inda za su sa kansu, sai da majalisar jihar ta yi gaggawar kafa dokar kare asibitocin a watan Maris. Masu kare rai suka wayi gari sun tare hanyar masu neman ɗa. Ɗaya ɓangaren kuma, duk da cewa alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna fiye da kashi 90 cikin 100 ana yi ne kafin mako 14, da wuya ka ji sun yarda a fili cewa ɗan wata bakwai a ciki yana da wani haƙƙi nasa na kansa. Wannan ma zuciyata ba ta karɓa.

Kuma ba haka Kiristocin ma suke tun fil azal ba. Manyan malaman cocin Katolika na da, irin su Tomas Akwinas, sun tafi a kan cewa rai yana shiga ne bayan wani lokaci, sai a 1869 Fafaroma Pius na 9 ya cire bambanci tsakanin cikin da aka busa wa rai da wanda ba a busa ba wajen hukunci. Babban taron cocin Baptis na jihohin kudu a ƙasar Amurka ma, a 1971, ya nemi a ba da dama idan fyaɗe ne ko lafiyar uwa tana cikin haɗari. Siyasa ce ta ƙara ƙulle maganar daga baya.

Mu abin da muka taso da shi a Islamiyya ba layi ɗaya ba ne, matakai ne. Suratul Muminun, aya ta 12 zuwa 14, ta lissafa ɗigon maniyyi, gudan jini, tsoka, ƙasusuwa, a tufatar da su da nama, sannan Allah Ya ce Ya mayar da shi wata halitta daban. Hadisin Ibn Mas'ud, na huɗu a Arba'una, wanda kusan duk yaron da ya yi Islamiyya ya haddace, ya kawo kwana 40 sau uku, sannan a aiko mala'ika ya busa rai. Kwana 120 ke nan, wajen mako 19 a ƙirgar asibiti. Akwai kuma ruwayar Huzaifa ɗan Asid a Muslim da ta ambaci dare 42, shi ya sa wasu malamai suka matso da iyakar kusa.

Kada wani ya ɗauka wannan ƙofa ce a buɗe. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ce mafi tsanani a nan. Maganar da aka dogara da ita ita ce, da zarar maniyyi ya zauna a mahaifa bai halatta a fitar da shi ba ko kafin kwana 40, ko da yake Lakhmi, ɗaya daga cikin malaman mazhabar, ya sassauta a wannan tsakanin. Wasu Hanafawa sun ba da dama kafin busa rai idan akwai uzuri. Bayan busa rai kowa ya haɗu a kan haramci. Ni a kan ta Malikiyya nake, kuma ban ga dalilin da zai sa in ji kunyar faɗin haka a gaban kowace Baturiya ba.

Amma dubi yadda wannan mazhaba mai tsanani take auna ɗan tayi da kansa. Idan mutum ya mutu ya bar mace da ciki, ana dakatar da rabon gado har ta sauka, saboda wanda ke ciki yana da rabo. Ana jinkirta wa mai ciki haddi. Ana yarje mata ta sha azumi idan ta ji masa tsoro. Duk da haka Risala ta faɗa ƙarara cewa jaririn da bai yi kuka ba bayan haihuwa ba a yi masa sallah, ba ya gado, ba a gadonsa. Wanda ya daki mace cikinta ya zube ba cikakkiyar diyya zai biya ba, gurra zai biya, kashi ɗaya cikin goma na diyyar uwar, dinari 50 inda tata take 500. Wato yana da alfarma tun ranar farko, alfarmar tana ƙaruwa yayin da yake girma, amma ba a taɓa ɗora shi a sikeli ɗaya da uwar da ke ɗauke da shi ba.

Ina yarinya na ga wannan ilimi yana aiki a tsakar gida. Wata maƙwabciyarmu tana cikin takaba ta yi ɓari, cikin bai yi nisa ba, ba a ga siffar komai ba sai guda-guda. Aka aika wa malamin unguwa, ya ce wa goggona: "Hajiya, ku zuba wa abin da ya fito ruwan zafi. In ya narke jini ne, ta ci gaba da takabarta. In bai narke ba ɗa ne, ta fita daga idda." Tsofaffin suka kai ƙwarya bayan ɗaki suka yi yadda ya ce, bai narke ba, suka naɗe shi a ƙyalle mai tsabta aka binne. Ba a yi sallah ba, ba a raɗa suna ba, ba a kuma jefar a shara ba. Na fi ganin gaskiya a hannun matan nan fiye da abin da ke kan allunan titin Texas.

Inda bambancin yake zama maganar rai da mutuwa shi ne lokacin da ciki ya zo da matsala. A 2022 faya ta fashe wa Amanda Zurawski, wata 'yar Texas, cikinta yana mako 18. Likitoci sun san ɗiyar ba za ta rayu ba, amma zuciyarta tana bugawa, doka ta ɗaure musu hannu. Sai da ƙwayoyin cuta suka shiga jininta aka taɓa ta, ta ƙare a ɗakin kulawa ta musamman. Ita Allah Ya yi da sauran kwananta. Savita Halappanavar, likitar haƙori 'yar Indiya, ba ta tsira ba, ta rasu a Galway ta ƙasar Ailan a Oktoban 2012 a irin wannan hali, mutuwarta kuma tana cikin abin da ya sa ƙasar ta cire haramcin zubar da ciki daga tsarin mulkinta a 2018. Texas ma a 2025 ta yi wa dokarta gyara don likitoci su san ba sai mace ta kai gargara ba. Mafi yawan malamanmu na wannan zamani ba su da ruɗani a nan: idan amintattun likitoci suka tabbatar ci gaban ciki zai kashe uwa, ita ake ceta, domin ita ce asali kuma rayuwarta tabbatacciya ce. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ma a 1990 ta ba da dama kafin kwana 120 idan kwamitin likitoci ya tabbatar da mummunar naƙasar da ba ta da magani, kuma iyaye suka nema.

To amma ina amfanin wannan taska ga matar da ke ƙauyen Jigawa ko Maraɗi? A nan ne ba ni da bakin yi wa Amurkawa gori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka mutu a Najeriya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk duniya. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda. Babu malami ko fasto ko alƙalin da yake shakkar cewa waɗannan mata cikakkun mutane ne. Dokar Final Kod ta Arewa, tun 1960, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a kan zubar da ciki, sai dai in don ceton ran uwa aka yi. Duk da haka cibiyar bincike ta Guttmacher da ke Amurka, tare da masu bincike na gida, ta ƙiyasta an zubar da ciki miliyan 1.25 a Najeriya a 2012. Cibiyar tana goyon bayan 'yancin zubarwa, na sani, amma ko rabin adadin aka ɗauka ya isa ya hana mu barci. Doka ba ta hana ba, ta dai kora abin zuwa bayan kemis da ɗakin mai jiƙe-jiƙe.

Kowace unguwa tana da labarin yarinyar da aka ce ciwon ciki ne ya ɗauke ta dare ɗaya. Na san wata, ba ta kai shekara ashirin ba. Kwana biyu tana zubar da jini a ɗakin uwarta, ana tsoron kai ta asibiti kada magana ta fita. Da aka kai ta lokaci ya ƙure. Wanda ya yi mata cikin, ba a rufa shekara ba aka ɗaura masa aure da wata, aka yi kamu aka yi walima, babu wanda ya ce masa kanzil. Tsoron bakin duniya ne ya kashe ta, ba tsoron Allah ba, domin babu littafin da ya ce a bar mai zubar da jini ta mutu, ko ta hanyar saɓo ta samu kanta a halin. Haka jariran da ake tsinta a kwata da bola: an riga an busa musu rai, sun yi kuka, sun cika mutane a kowace mazhaba, muka tsine wa uwar muka wuce ba mu nemi uban ba.

Mu da ke zaune a nan ana yawan jan mu mu shiga sahu. Masu ra'ayin riƙau suna ganin hijabina su ce ai tare muke. Masu sassauci suna ganin baƙar fata 'yar ci-rani su ce ai tasu ce. Rigimar tasu kuma ba ta tsaya a iyakarsu ba, tun 1984 kusan duk sauyin jam'iyya a fadar shugaban ƙasa yana zuwa da ɗaure ko kwance sharaɗin zubar da ciki a kan tallafin lafiya da ake ba ƙungiyoyi a ƙasashe irin namu. A Legas, a 2022, gwamnati ta fitar da ƙa'idojin da za su nuna wa likitoci abin da doka ta riga ta halatta, aka yi caa, cikin 'yan kwanaki gwamna ya dakatar da su. Ba na so Arewa ta ari wannan faɗa da tutocinsa.

Abin da nake roƙo a wurin malamanmu ƙarami ne. Idan mai tafsiri ya iso ayoyin nan na Suratul Muminun a watan azumi, ya ɗan tsaya, mata suna saurare a rediyo. Ya faɗi hukuncin matar da faya ta fashe mata a wata huɗu, da wadda hawan jini yake neman kashe ta, da yarinyar da 'yan bindiga suka sace suka sako ta da ciki, ya kawo saɓanin malamai yadda yake. Ya gaya wa iyaye cewa wankin ciki bayan ɓari magani ne, kuma kai mai zubar da jini asibiti wajibi ne ko da wace hanya cikin ya samu. Sannan ya juya ɓangaren maza ya yi musu nasu karatun.