Kaifin wuƙar gwanjo ba shi ne ingancinta ba

Duk lokacin da Babbar Sallah ta matso sai ka ji rigima a kasuwa, mutum ya sayi wuƙa ta hannu ya gwada a gashin hannunsa ta aske tas, ya je gida ya fara fiɗar rago ta dakushe, ya dawo yana cewa Malam ka cuce ni. Shi kuma mai kaya ya ce Alhaji ai da kanka ka gwada.

Gaskiya duka biyun ba su fahimci abin ba. Kaifi kowane ƙarfe yana ɗauka, ko gwangwani ka wasa a dutse zai yanka takarda, abin dubawa shi ne riƙe kaifin, wannan kuma ya danganta da taurin ƙarfen. Wuƙar maƙera da aka yi da sifirin ɗin mota tana tsatsa, eh, amma tana daɗewa da kaifi fiye da yawancin masu ƙyallin nan na arha.

Sannan akwai aikin injin wasa. In mai wasawa ya danna wuƙa a inji ba ya tsoma ta a ruwa har bakin ya yi zafi ya koma shuɗi-shuɗi, to taurin ya tafi kenan, za ta yi kaifi yau gobe ta lanƙwashe. Ni dai launin bakin nake fara kallo, sai in girgiza ƙotar in ji ko tana rawa.

Kuma don Allah a daina sara ƙashi da wuƙar fiɗa, wannan aikin gatari ne ko adda.