Waya Mita 20

Tsohuwar kwamfuta ce ta ja min. Ta shekara a ƙarƙashin gado tana shan ƙura, sai na ce bari in mai da ita saba, wato kwamfutar da ke aika wa sauran na'urori abin da aka ajiye a cikinta: na zuba mata manhajar kallon finafinai ta Jellyfin, na tara finafinan gidan kaf a cikinta, kowa ya kalla ta talabijin ko ta wayarsa. Na ajiye ta can ɗakin ƙurya, rauta kuma, wato na'urar da ke raba Wi-Fi, tana ɗakin kwana, bango biyu tsakaninsu. Wa ke jan igiya a wannan zamanin? Wi-Fi ya wadatar.

Daren farko na tara iyali a falo ina hura hanci. Fim ya yi minti huɗu, jarumi ya ɗaga hannu zai sharara wa mugu mari, sai hoto ya ƙame, 'yar da'irar nan ta hau juyi. Autana ya ce, "Baba, ya fasa marin ne?"

Na ɗora laifin a kan babban yayansa, na ce shi ke shanye mana layi da wasanninsa, na ƙwace wayarsa kwana uku. Fim bai daina ƙamewa ba. Ashe sabar tana kan zangon Wi-Fi na 2.4 GHz ne, don na 5 GHz ya fi gudu amma bango biyu sun fi ƙarfinsa. Na'urar ɗumama abinci kuwa a 2.45 GHz take aiki, da an kunna ta sai jarumi ya sandare. Ga kuma fim ɗin 4K mai neman megabit wajen 70 kowace daƙiƙa, wanda sai ya keta iska sau biyu, daga saba zuwa rauta, daga rauta zuwa talabijin, alhali a tashar Wi-Fi ɗaya bi da bi ake magana. Na mayar wa yaro wayarsa ba tare da mun haɗa ido ba.

Da safe na ce wa uwargida, "Yau zan sayo waya, mu huta."

Ta washe baki. "Allah ya ƙara buɗi, Maigida! Dama tawa ta fara mutuwa da kanta."

Da yamma na shigo da nannaɗaɗɗen kebul na Cat6, irin wanda ake haɗa kwamfuta da rauta da shi, mita 20. Kallon da ta yi min ya fi na talabijin ƙamewa.

Na ce ni zan ɗaura kawunan RJ45, wato filogin bakin kebul ɗin, da hannuna. Silli 8 ne a ciki, kowane da launinsa da gurbinsa, kuma gudun gigabit, wato megabit 1000 a daƙiƙa, ba ya samuwa sai duka takwas ɗin sun zauna. Na matse, na jona, kwamfuta ta nuna megabit 100 kacal. Silli ɗaya ya noƙe. Na yanke, na sake. Sai a karo na huɗu ta nuna 1000, lokacin kebul ya rage tsawo har sai da na janyo tebur ya tarye shi.

Nasara ta hau min kai. Na ari na'urar huda bango, na fasa daga ɗakin kwana zuwa bayan talabijin don ita ma ta sha waya. Ƙura ta lafa, na jona, na duba: 100. Wannan karon ba hannuna ba ne, ramin kebul na talabijin ɗin iyakarsa ke nan, kamar na talabijin da yawa. Wi-Fi ɗinta na 5 GHz, da bango ɗaya kacal a tsakani, ya fi shi gudu. Na zare kebul a hankali, fim ya tafi sumul, mugu ya sha marinsa.

Uwargida ta dubi igiyar da ta ratsa ƙarƙashin ƙofofi biyu, ta dubi ramin. "Maigida, me ya hana ka ɗauko kwamfutar ka ajiye ta gefen rautar tun farko?"

Na ce akwai dalilai na fasaha. Ramin dai na rataya masa kalanda, ita kuma har yau duk wanda ya kira ta bai samu ba, sai ta ce ya tambaye ni, wai na saya mata waya mita 20.