Ashe huɗu ba ɗaya ba ce

Tun ranar sunan nan na Ƙofar Marusa duk wadda ta kira ni sai ta fara dariya kafin ta yi sallama. To bari in faɗa da bakina, kafin facalata ta gama zuba wa labarin gishiri.

Hoto na gani a waya: mayafi mai kusurwa uku, saƙar hannu, huda-huda kamar leshi, dangin wanda matan tsibiran Shetland ke saƙawa, mai laushin da har ta cikin zobe ake zare shi. Ga hunturu ya shigo, ga suna saura wata guda. Na ce ni da na iya hular jarirai da safa, mi zai gagare ni?

Bayanin yadda ake saƙa shi ya ce a nemi zare siriri, wanda giram 100 ke kai wajen mita 800, da kibiyar saƙa lamba 4. Na shiga babbar kasuwa, mai shago ya ce shi bai san wata mita ba, ulu dai ulu ne. Ya miƙo mini irin na rigar sanyin jarirai, ruwan hoda, ƙulli huɗu. Ko gashin tunkiya ɗaya babu a ciki, roba ce zalla. Kibiya kuwa wurin Gwaggo na nufa, ta buɗe adaka ta zaro wasu na ƙarfe, ta ce tun mu Katsinawa muna cikin Jihar Kaduna take ajiye da su, wato kafin 1987. A gindinsu an buga 4 ɓaro-ɓaro. Na yi hamdala.

Lamba 4 ta Amurka, wadda mai bayanin ke nufi, milimita 3.5 ce. Lamba 4 ta tsohon lissafin Ingila, irin ta Gwaggo, milimita 6 ce, don su nasu a juye yake: lamba na hawa, kibiya na sirancewa, har 14 da take milimita 2. Duk wannan sai bayan an gama da mutuncina na sani. An ma ce a fara saƙa ɗan gwaji na santimita 10 a wanke a auna. Na tsallake wurin.

Irin wannan mayafi daga ƙeya ake fara shi da 'yan idanu kaɗan (wato madaukan zaren da ke kan kibiya), duk layi biyu a ƙara huɗu. Kwana biyun farko gudu nake kamar Napep a titin Ƙofar Ƙaura da asuba. Da na kai rabin tsawon na duba zare, saura ƙulli ɗaya, alhali rabin tsawo rubu'in aikin ne kawai. Na koma kasuwa, aka ba ni ruwan hoda, amma wani ruwan hodan daban, mai ɗan duhu. Idanu sun haura ɗari biyu suna zubowa daga kibiya, sai na ɗaura kyauro a gindi (ashe akwai kibiya mai igiya a tsakiya don irin wannan aiki). Da na gama, aka ce a jiƙa a miƙar a kafe da allurai. Ulun gaske ne ke jin wannan magana, nawa da na cire allurai sai ya koma yadda yake. Na hasala, ga ba wuta, na ɗora masa dutsen guga na gawayi. Kusurwa guda ta narke ta yi sheƙi kamar ledar burodi. Na ce wannan gefen sai in cusa shi a hammata.

Haka na yafa na tafi. Kowace huda babban yatsana na shiga ya fita, wutsiyar na shara a ƙasa, amma ni a raina ba wadda ta kai ni.

La'asar ta yi, na cire na ninke a hannun kujera a ɗakin mai jego, na fita alwala. Minti biyar bai cika ba. Ina dawowa, hannuna na ɗigar ruwa, na tarar da facalata tsaye tsakiyar ɗaki ta ware shi da hannu biyu, mata sun kai ashirin.

"Jama'a, wace mai albarka ta kawo wa jariri gidan sauro ba ta faɗa ba?"

Ta san nawa ne. Wallahi ta sani. A bakin ƙofa muka haɗu, har ta ce "Anti, sannu da ƙoƙari", da wannan muryar tata. Matar da kular abincina mai hawa uku ke gidanta tun Babbar Salla, duk sanda na aika sai ta ce yara sun kai maƙwabta. Waɗanne maƙwabta ne ke cin abinci wata shida ba su wanke kula ba? Kuma ita ce a bikin bara ta ce alkakina ya yi tauri, alhali na gan ta tana tura uku a jaka. Ba ƙulli nake ba, ina dai tunawa.

Na buɗe baki zan ce nawa ne, sai yayar surukata, Hajiya Babba, ta ce a miƙo mata. Ta gyara tabarau, ta zura yatsu biyu a huda ɗaya suka fito ta baya, ta motsa su kamar tana gaida jama'a.

"Allah ya yi albarka dai. Amma sauron da wannan zai tare, sai in ya kai tantabara."

Ɗaki ya ɗauka. Mai jego na riƙe ciki tana roƙon a bari saboda ɗinki. Wata ta ce a'a, koma ce, a kai wa masunta a dam ɗin Jibiya. Wata ta gano wurin da launi ya canza, ta ce ai biyu aka haɗa. Hajiya ta juya ta kai kusurwar da ta narke, ta shinshina, ta ce har an taɓa gobara da shi. Ni kuma ina tsaye bakin labule ba mayafi, ina dariya tare da su, har da tafawa. Wannan tafin ne ke hana ni barci. Ni da kaina na ce, "Kai, mutane dai!"

Aka shimfiɗa shi kan gadon jariri, aka yi wa wadda ta kawo addu'a, na ce amin. Da na ga asiri ya kusa rufuwa sai ga autata ta shigo da cincin a hannu, ta kalli gado ta ce, "Mama, mi ya sa aka rufa wa jariri gyalenki?"

Shirun da aka yi ya fi dariyar ciwo. Hajiya ta cire tabarau ta ce, "Ke ɗiyar nan, da wannan kika ratso gari?"

Hijabin mai jego na ara na dawo gida. Mayafin na can, na ji an ce talabijin ake rufewa da shi. Gwaggo ta aiko jiya a mayar mata da kibiyoyinta, ɗaya kuma ban san inda take ba. Kular ma har yau shiru.