Ranar da awon rodin ƙasa ya kusa kai ni gaban mai unguwa

Wani Alhaji a unguwar Mabera ta Sakkwato ya kira ni, wai firizarsa na jan duk wanda ya taɓa ta ba takalmi. Kafin in iso, ɗan ƙaninsa ya riga ya gama bincike: ya ɗauki multimita, na'urar awon wuta, ya ɗora bakinta duka biyu a kan rodin ƙasa, wato ƙarfen da ake kafawa a ƙasa don ya kwashe yoyon wuta, ta yi ƙara, ta nuna om 0.3 (om shi ne ma'aunin turjiya, wato yadda abu ke hana wuta wucewa), ya ce wa Alhaji rodi lafiya lau. Abin da ya auna ƙarfe ne da ƙarfe, ƙasa ba ta ma san ana yi ba.

Ko da ya soka baki ɗaya a cikin yashi, ba zai sami gaskiya ba. A wajen awon om, multimita 'yar wutar batir take turawa, DC mai bin hanya ɗaya, wadda ba ta taka kara ta karya ba. Jan ƙarfe da wani ƙarfe daban idan suka haɗu a ƙasa mai ɗan laima, su ma ƙaramin batir suke zama. Shi ya sa in ka sauya bakin ja da baƙi, lambar sai ta sauya. Na'urar awon ƙasa ta ainihi AC take turawa, wato wuta mai kai da komo, amma ba kowane mai wayarin ke da ita ba, don haka na zo da taransifoma mai ba da bolt 24, wadda naɗin wayarta na shiga da na fita ba su haɗe ba, da turaku biyu na ƙarfe.

Na kashe wutar gidan, na kwance wayar ƙasa daga jikin rodi, na jona taransifoma a janareta. Baki ɗaya ya tafi rodi, ɗayan ya tafi turke mai nisan mita 20. Turke na biyu yana shiga ne a kashi 62 cikin 100 na wannan tazara, wato kusan mita 12 da rabi, a layi ɗaya. Matsalar ita ce gidan Alhaji duk da zaurensa bai kai mita 15 ba. Mita na 20 ya faɗa daidai ƙofar maƙwabci.

Ga zafin Afrilu na Sakkwato, ƙasa ta bushe ƙayau, dole in zuba wa turken nesa ruwa don wuta ta samu hanya. Ina tsugune da buta, ina zuba ruwa a gindin ƙarfe, ina ƙirga lambobi a bakina, sai ga mai gidan a kaina.

"Malam, mi kaka biznewa ƙohwar gidana?"

Na ce awo nake yi. Ya ce awon mi? Na ce turjiyar ƙasa. Ya dubi buta, ya dubi leɓena da ke motsi, ya aika yaro ya kira mai unguwa. Sai da Alhaji ya fito ya rantse cewa shi ya kira ni kafin a janye aiken. Muna cikin wannan shari'a, akuya ta tauna wayar awon, ta raba ta gida biyu.

Bayan na ɗaure wayar, awo ya fito: miliamfiya 30 ke bi ta layin, tsakanin rodi da turken tsakiya kuma bolt 15. Miliamfiya 30 ita ce amfiya 0.03; raba 15 da 0.03, om 500 ke nan. Ƙa'idar wayarin ta Ingila tana ganin abin da ya haura 200 ba abin dogaro ba ne. Na matsar da turken tsakiya mita 2 gaba, mita 2 baya, don tabbatarwa, sai lambar ta faɗi warwas. Ashe ƙaramin ɗan Alhaji ya ga ana ba turaku ruwa, shi ma ya juye wa rodin bokiti guda. Turke ake jiƙawa, ba rodin da ake aunawa ba, in ba haka ba sakamakon damina za ka samu a tsakiyar bazara.

Na kama rodin in girgiza shi, sai ya biyo hannuna. Guntun rodin gini ne, taƙi ɗaya da 'yan kai, ya sha tsatsa.

Na rubuta wa Alhaji abin da zai saya: roduna masu rufin jan ƙarfe, kowanne mita 1.2, a haɗa biyu a tsaye don a kai ga laima, a kafa wasu gefe da tazarar da ba ta gaza tsawonsu ba, ban da gishiri domin cin ƙarfe yake, sai buraka mai katse wuta da zarar yoyo ya kai miliamfiya 30, a kuma duba firizar kanta. Ya karanta, ya ninke takardar, ya tambaye ni ko ba zai fi sauƙi ba a riƙa zuba wa tsohon rodin bokiti ɗaya kullum da safe.