An kori malamai, wanda ya kawo sunansu fa?

Jama'a ni fa har yau abin nan na 2017 bai fita a raina ba. Gwamnatin Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarabawar 'yan aji huɗu, 21,780 suka kasa cin maki 75 cikin 100, aka ce a sallame su, ƙungiyar malamai ta NUT ta tafi yajin aiki, gari ya ɗauki zafi. To amma waye ya ɗauke su aikin tun farko? Shi ba a taɓa shi ba, wani ma yana nan yana neman wata kujerar.

Kowa a Zariya ya san yadda ake yi ai. Da an ji ƙishin-ƙishin za a ɗauki ma'aikata sai a raba gurabe, ciyaman da kasonsa, kansila da nasa, ɗan majalisa da nasa, kafin yaron da ya gama NCE da sakamako mai kyau ya ji labari an riga an rufe, sai yawon kai takardu ofis-ofis har fayel ɗin ya yi baƙi a hannunsa. Mai uwa a gindin murhu kuwa takardar ɗaukar aiki har gida za a kai masa.

Abin da ya fi ci min rai shi ne abin da ke biyo baya. Wanda ubangida ya kawo ba ya tsoron hedimasta wallahi. Zai zo ƙarfe tara ya sa hannu a rajista ya koma shagonsa, yara cike da aji wasu a ƙasa suna ta surutu, allo babu ko harafi ɗaya. Hedimasta ya kuskura ya rubuta masa takardar tuhuma, waya ɗaya za a buga, shi ne zai tsinci kansa a wani ƙauye can bayan gari. Daga nan kowa ya kama bakinsa, shi ma malamin kirkin da ke zuwa da sassafe gwiwarsa ta yi sanyi. Kuma wannan mutumin shekara 35 zai iya yi yana karɓar albashi, uban gidan nasa ko zaɓe ɗaya ya isa ya tafi da shi.

Haka asibitin unguwa, haka rabon taki, haka bohol da taransifoma, sai ka ga an dasa su daidai ƙofar gidan wanda ya kawo akwati, layin da bai yi jam'iyyar ba su ci gaba da sayen jarka wajen 'yan ga-ruwa.

Su masu raba guraben nan 'ya'yansu ba sa zama a waɗannan azuzuwan, suna makarantun kuɗi. Ɗan mai facin taya a Tudun Wada da 'yar mai ƙosai a Sabon Gari su ne za su gama aji shida ba su iya karanta sunansu ba.

Ni abin da nake so kawai, duk lokacin da za a ɗauki aiki a liƙa sunaye da makin kowa a bangon sakatariya, mazaɓa-mazaɓa, mu je mu karanta da idonmu.