Takin da ya iso bayan masara ta yi goyo

Sai a watan Agusta aka fara rabon takin tallafi a sakatariyar wata ƙaramar hukuma ta yankinmu. Masarar da aka shuka farkon Yuni ta riga ta yi goyo, yanzu ne tirela ke sauke kaya.

Wani dattijo da ya haura saba'in ya sha rana a layi tun hantsi, riƙe da katin shaida da 'yar wayarsa. Da ya kai gaban tebur sai ya rusuna. "Ranka ya daɗe, a duba mini sunana." Yaron da ke riƙe da takardar, wanda dattijon ya yi jika da shi, ko kai bai ɗaga ba. "Saƙo ya shigo wayarka?" "Ban yi boko ba, ɗana, ga ta ka duba." Ya ture wayar da gindin biro. "Baba, ba aikina ba ne karanta maka waya. Babu sunanka." "Ai tun kafin ruwan farko aka rubuta ni, har hoto aka ɗauke ni a gona." "To je wurin wanda ya rubuta ka. Gwamnati bashinka ta ci? Matsa, akwai mutane." Shi ɗin ba mutum ba ne? Yana tsaye a nan aka cika wa wani mai babbar riga a-kori-kura da buhuna, mutumin da ko kunya ɗaya bai taɓa huɗawa ba.

Taki lokaci gare shi. Kamfa ana sa shi kwana 10 zuwa 14 da shuka, a tona ɗan rami gefen gindi kamar tsawon yatsa, a zuba, a rufe. Yuriya sai sati 5 zuwa 6, ƙasa na da danshi, a binne ta, domin in an barbaɗa a sama iska take bi. Hekta ɗaya ta masara tana cin kamfa 15:15:15 wajen buhu 8, yuriya kusan 3. In waɗannan makonni suka wuce, ganyen ƙasa ya yi rawaya, kara ya tsumbure, goyo ya fito ƙanƙane, duk abin da ka zuba daga baya asara ce. Wanda sunansa ya fito ma, buhu ɗaya ake haɗa su huɗu ko biyar, su koma gindin bishiya suna awo da mudu. Dole da yawa su sayar wa ɗan kasuwa tun a bakin ƙofa.

Kuma ba yau aka fara ba. A 2012 aka kawo tsarin rabon taki ta saƙon waya na zamanin ministan gona Akinwumi Adesina, buhu biyu a rabin kuɗi, ƙauyen da ba sabis ya tashi a tutar babu. A 2015 aka ƙaddamar da bashin manoma na Babban Banki a Kebbi, manoman takarda suka shige gaban masu fartanya. Zamanin Buhari an ce buhu naira 5,500 ne, je kasuwa yau ka ji ninki nawa ya yi. A Maris 2024 Babban Banki ya miƙa wa ma'aikatar gona buhu miliyan 2.15. Wace gona suka shiga? Alkawarin da ƙasashen Afirka suka ɗauka a birnin Maputo a 2003, cewa kashi 10 cikin 100 na kasafi zai tafi noma, har yau Najeriya ba ta cika ba.

Gwamnati ta san damina a Mayu da Yuni take sauka, amma sai ruwa ya zauna ake sakin kuɗi. An ƙwace rubuta suna daga hannun malamin gona da mai unguwa, waɗanda suka san gonar kowa, an damƙa wa 'yan siyasa suna saka wa magoya baya. Mu ma a cikinmu akwai masu cusa sunan mata da 'ya'ya alhali maƙwabci na kallo. A kai taki mazaɓu tun Afrilu, a liƙa sunaye a ƙofar gidan dagaci kowa ya gani, a kuma ɗora wanda zai karanta wa tsofaffi saƙon wayarsu ba tare da tsawa ba.