Majalisar Scotland ta farko ba ta masu neman ɓallewa ba ce

Duk lokacin da aka tayar da zancen majalisar dokokin Scotland da aka kafa a 1999, sai ka ji ana cewa ai masu son ɓallewa daga Birtaniya ne suka cika ta tun ranar farko. Ba laifi ba ne mutum ya yi wannan zato, tunda jam'iyyar SNP mai neman ɓallewar Scotland ce ke riƙe da gwamnatin yankin tun 2007, ita kuma aka fi ji a labarai. Sai dai ba haka abin ya kasance ba.

A zaɓen 6 ga Mayu 1999, cikin kujeru 129, Labour ta ci 56, SNP 35, Conservative 18, Liberal Democrat 17. Sauran ukun suka faɗa hannun jam'iyyar Green, jam'iyyar SSP ta 'yan gurguzu da wani ɗan takara mai zaman kansa. Labour da Liberal Democrat ne suka haɗa gwamnati ƙarƙashin Donald Dewar, kuma dukkansu ba sa goyon bayan raba ƙasa. Gwamnatin Birtaniya ta Labour ƙarƙashin Tony Blair ce ma ta shirya ƙuri'ar raba-gardama ta 1997, don a miƙa wa yankin iko kan lafiya, ilimi da makamantansu.

Tsarin zaɓen kansa ya sa da wuya jam'iyya ɗaya ta mamaye zauren. Kowa ƙuri'a biyu yake kaɗawa: kujeru 73 na mazaɓu ne, 56 kuma ana raba su gwargwadon ƙuri'un shiyya. Dubi Conservative: ko mazaɓa ɗaya ba ta ci ba, kujerunta 18 duk ta ƙuri'a ta biyu suka zo. SNP kuwa sai a 2011 ta samu rinjaye, da kujeru 69.